Matata a saman akwatin kifi: ina ruwan zai nufa idan an ɗauke wuta?

Duk wanda ya shiga kiwon kifin ado da gaske, ba ya daɗewa zai gane cewa akwatin gilashin da baƙi ke tsayawa suna kallo rabin aikin ne kawai. Sauran rabin yana cikin wani ƙaramin tanki da ba a nuna wa kowa, wanda masu harkar ke kira samp, ni kuma nake ce masa matata. Kifi yana zubar da sinadarin ammoniya cikin ruwan da yake numfashi a ciki, kuma ammoniya guba ce gare shi. A cikin matata ne soso ke tare datti, ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale jikin duwatsun tacewa kuma su mayar da ammoniyar zuwa naitirayit, daga nan zuwa naitiret wanda cutarwarsa ba ta kai ta na farko ba.

Abin da aka saba a Turai da Amurka shi ne a ɓoye matata a cikin kabad, ƙarƙashin akwatin. Ruwa ya gangaro da kansa, inji ya tura shi sama. Tawa a sama take, kamar yadda ake yawan yi a Japan da Sin da Singafo, musamman wajen masu kiwon manyan kifaye masu yawan ƙazanta irin su arowana. Injin yana cikin akwatin kifin, yana tura ruwa zuwa matata, ruwan ya ratsa ta, ya sauko da nauyin kansa. Wanda ya san tankin ruwa na saman gida ya riga ya san tsarin.

Dalilina na farko wutar lantarki ce. Matatar ƙasa tana bukatar hanyar da ruwa zai fita daga akwatin, kuma hanyoyin biyu ne. Ko dai a huda gilashin, wanda ba ya yiwuwa idan irin gilashin nan ne da aka gasa don ya yi ƙarfi, domin tarwatsewa yake yi. Ko kuma a rataya lanƙwasasshen bututu a bakin akwatin yana zuƙo ruwa, irin yadda ake zuƙo fetur da tiyo. Idan iska ta shiga bututun nan yayin da aka ɗauke wuta, zuƙon ya yanke. Da an dawo da wuta inji zai ci gaba da turo ruwa sama, ga shi babu hanyar komawa, sai akwati ya tumbatsa. A garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan caca ce da ba ni da zuciyar yin ta. Matatar sama ba ta dogara da zuƙo, ruwa kuwa ba ya mantawa da gangara.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Idan inji ya tsaya, ruwan da ke sama ƙasa zai dawo, kuma dole ya sami wurin zama. Lissafin ba shi da wuya. Akwatina tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 50, tsayinsa 50, wato yana cin lita 300, kuma kowace santimita ɗaya ta tsayinsa lita 6 ce. Matatata tana riƙe lita 30. Saboda haka nake barin sararin da ya ɗan wuce santimita 5 tsakanin fuskar ruwa da bakin akwati, ko da ruwan sama zai sauko gaba ɗaya. Bakin bututun da ke kai ruwa matata kuma yana saman ruwanta, bai nutse ba, don kada ya juya ya zama tiyon zuƙo. Na gwada wannan ta hanyar zare filogi da hannuna, na tsaya na ga inda ruwan ya tsaya.

Babban haɗarin yana ɗaya ɓangaren: toshewar magudana. Ganye ɗaya ko dodon koɗi ɗaya ya isa ya toshe bututun saukowa. Inji bai san an toshe ba, zai ci gaba da turawa, matata ta cika, ruwa ya zubo a kan fitila da wayoyin lantarki, akwatin kuma ya riƙa ƙafewa a kan kifayen. Maganin wannan iri uku ne, kuma duka nake haɗawa. Na farko, bututun saukowa ya fi na hawa faɗi, domin ruwan da ke gangarowa da kansa ba shi da ƙarfin wanda inji ke turawa. Na biyu, magudana ta biyu da ke ɗan sama da ta farko, wadda a kullum a bushe take. Ranar da na ga ruwa a cikinta, na san ta farkon na neman wanki. Na uku, injin yana kusa da fuskar ruwa. Idan bakinsa bai nutse fiye da santimita 5 ba, mafi munin abin da zai faru shi ne asarar lita 30 da ƙonewar inji. Inji ana sayen wani.

Wannan dabara ma tana da farashinta. Ruwan da iska ke shanyewa a akwatin kifin ake ganin raguwarsa, tunda nan ne injin yake, alhali mai matatar ƙasa a cikin kabad nasa ke raguwa. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙayau, kusan kullum sai na ƙara ruwa. Injin da ke sama kuma ba ya kwasar dattin ƙasa sosai, sai na bi da tiyo a ranar canjin ruwa.

Sai batun nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 30 da duwatsun tacewa da shi kansa tankin, nauyin yaro ne zaune a kan gilashi. Ƙananan matatun roba da ake sayarwa an ƙera su ne su zauna a bakin akwati, amma babba tana bukatar ƙafafun ƙarfe nata na kanta. Tawa mai walda ya yi mata, kuma an saita ta daidai saman akwatin, ta yadda ko ta tumbatsa, yawancin ruwan cikinsa zai koma.

Akwai abin da matsayin matata ba ya warwarewa. Bakteriyar da ke tace ruwa tana bukatar iskar oksijin kamar kifin, kuma idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, duka biyun suna shiga wahala. Ƙaramin injin hura iska mai batir ya fi kowane tsarin bututu amfani a irin wannan dare.

Ga wanda ke shirin haɗa nasa, tambayoyi biyu nake ba shi kafin ya sayi ko bututu ɗaya: idan inji ya tsaya, ina ruwan zai tafi? Idan magudana ta toshe inji bai tsaya ba, lita nawa za su zube? In ya amsa su da alƙaluma, ya ajiye matatarsa duk inda ya ga dama.