Yabon Gwani Bayan Rai

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, amma ba su faɗi ranar da za a yi yabon ba. Wani akan yabe shi yana ji da kunnensa, wani kuwa sai bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Abin da ya sa na faɗi haka shi ne labarin wani baƙar fatar Amurka, Henry Johnson, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Albany, wanda aka kai Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani dare cikin watan Mayu na 1918 yana gadi tare da abokinsa Needham Roberts, sai Jamusawa suka auka musu. Da bindigarsa ta ƙi tashi sai ya shiga duka da gindinta, sa'an nan ya zare wuƙa ya ƙwato Roberts daga hannunsu. Faransa ta ba shi lambar yabo, amma ƙasarsa ba ta ba shi ko guda ba har ya mutu cikin talauci a 1929. Sai a 2015, shekara 86 bayan mutuwarsa, Shugaba Obama ya ba shi lambar jarumtaka mafi girma ta Amurka.

To, ni mutumin Ɗanbatta ne, kuma da na karanta wannan sai mazan jiya namu suka faɗo mini a rai. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa sun ɗebi samarin ƙasar Kano ta hannun hakimai da dagatai, aka zuba su cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka haye teku da su zuwa Bama, watau Myanmar ta yau. Sun gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, suka ci Myohaung a watan Janairu na 1945. Da yawansu a ka suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci, cikin kurmin da mota ba ta ratsawa.

Akwai ɗayansu a unguwarmu ina yaro, tsoho mai sayar da goro. Yakan ba mu labarin yadda ya goya wani ɗan'uwansa da aka harba, kwana biyu suna tafe cikin ruwan sama da matsattsaku. Lambarsa tana ƙulle cikin tsumma a ƙasan adaka. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, labarin ya bi shi kushewa. Ga barikin Myohaung can a Ikko yana ɗauke da sunan garin da aka ci, amma sunan manomin da ya ci garin fa?

Johnson bai fi tsohon nan zuciya ba. Abin da ya fi shi shi ne an rubuta labarinsa, kuma an sami waɗanda suka yi ta naci shekara da shekaru har hukuma ta ji kunya. Mamaci ba ya rataya lamba, masu rai ne ke biyan bashin da ke wuyansu.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in an tafi hutu a nemi gidajen mazan jiya. A zauna da 'ya'yansu da jikokinsu, a roƙi a buɗe adaka, a rubuta suna da gari da abin da aka ji daga bakin mai shi. Mu da Allah ya ba alƙalami, wannan aikinmu ne.