Zuwa Ga Ummi, Kafin Ki Sayi Zoben Auna Barci

Ummina,

Saƙonki ya iso, na kuma ga hotunan zobban da kika ce in taya ki zaɓe, tunda aikin jinya na yi har na yi ritaya. Na ga ya fi kyau in ba ki amsa a fili, don 'ya'yan ƙawayena da dama suna irin wannan tambaya.

Kin ce kullum a gajiye kike tashi, shi ya sa kike son zoben. To bari mu fara da abin da yake iya gani. Idan kika leƙa cikinsa za ki ga 'yan fitilu ƙanana, kore da ja da wani hasken da ido ba ya gani. Suna haska fatar yatsa, jinin da ke wucewa ya shanye wani sashe na hasken, saura ya dawo. Da wannan ake ƙirga bugun zuciya da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Sai ma'aunin ɗumin fata, da wani mai lura da motsi. Iyakarsa ke nan. Shi kuwa barci a ƙwaƙwalwa ake yin sa, shi ya sa a asibiti sai an manna wa mutum wayoyi a ka kafin a ce ga matakin barcin da yake ciki. Zobe daga yatsa yake kintace. Yana ƙoƙari wajen gane lokacin da kika kwanta da lokacin da kika farka, da bugun zuciyarki na dare. Amma in ya ce barcinki mai nauyi minti kaza ne, kada ki rantse a kai.

Akwai maganar fatarmu. Na'urorin da ke aiki da haske ba su cika yi wa baƙar fata adalci ba. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa na'urar da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa tana kasa nuna ƙarancin iskar oksijin a jinin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da na farare. Saboda haka adadin oksijin da zobe zai nuna miki ba hukuncin likita ba ne. Inda ya ɗan fi agogo shi ne fitilunsa ta cikin yatsa suke zama, inda fatarmu ta fi haske. Na kuma san ki da ƙunshi. A ɗakin marasa lafiya mun saba ganin baƙin lalle da fentin farce suna rikita na'urar yatsa, don haka ki ce wa mai zane ta bar gindin yatsan da za ki sa zoben.

Yanzu ga zaɓen. Galaxy Ring na Samsung, wanda ya fito a 2024, ba ya aiki da iPhone, wayarki kuwa iPhone ce, ya fita daga lissafi. Oura na kamfanin ƙasar Finland ne da aka kafa a 2013, ya fi sauran daɗewa a wannan sana'a, har 'yan ƙwallon kwando na NBA an raba wa a lokacin korona a 2020. Sai dai Oura Ring 4 ya fito a kan dala 349 zuwa sama, sannan kowane wata akwai kuɗin rajista dala 5.99, in kin daina biya, yawancin bayanan sun rufe. A shekara uku kin ƙara sama da dala 200, ke da albashinki da naira ake biya. Ultrahuman na Indiya da RingConn ba sa karɓar kuɗin wata, RingConn Gen 2 kuma kamfaninsa ya ce cajinsa kan kai kwana goma zuwa sha biyu, abin da mai zama da matsalar wuta ba zai raina ba. Dukkansu batirinsu a rufe yake, ba a canzawa. Ranar da ya gaji, zoben ya gama aiki. Kada ki sa shi a sahun zinarin da ake ajiyewa don wata rana.

Awon yatsa shi ne inda mutane suka fi yin asara. Maƙeri ba ya rage wannan zobe, ba ya ƙara shi. Kamfanonin suna da zobban gwaji na roba. Ki nemi su tukuna, ki sa ɗaya a manuniya ki kwana da shi, ki yi wanke-wanke da shi. Yatsa yana kumbura da zafin bazara, ya sake da sanyin hunturu, ga kumburin safiya. In ya yi sako-sako zai riƙa juyawa, fitilun su bar wurinsu, awon ya lalace. Ruwan alwala ba ya yi masa komai, sai dai ki riƙa cire shi kina tsane ƙarƙashinsa don kada fatar ta jiƙe ta yi ƙaiƙayi. In kuwa motsa jiki ne babban burinki, agogo ya fi, don zobe ba shi da fuska, kuma bai san hanyar da kika bi ba sai da taimakon waya.

Masu arahar da ake tallatawa a intanet, waɗanda ke cewa suna auna sikari ba tare da an huda fata ba, ki yi nesa da su. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani zobe ko agogo da ke wannan iƙirari ba. Kada ki saya wa Babanku irinsa da sunan kyauta. Mai ciwon sikari da ya dogara da lambar ƙarya yana iya shan maganin da zai kayar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne makin da manhajar zoben ke bayarwa kowace safiya. Mu muna tashi asuba, wasu su koma, ga ƙailula da rana, ga sahur da tahajjud a watan azumi, ga goyon da ke farkawa tsakar dare. Maki yana iya faɗuwa alhali ba ki yi laifin komai ba. Tun a 2017 wasu masana barci a Amurka suka ba da rahoton mutanen da neman maki mai kyau ya jefa su cikin fargaba har ya hana su barcin. Ki bar makin kwana ɗaya, ki dubi na wata guda. Shin kina samun awa bakwai da ake so babba ya samu? Bugun zuciyarki na dare yana hawa duk ranar da kika ci tuwo da ƙarfe goma, ko kika sha shayi bayan isha'i? Ɗumin jikinki ya tashi kwana biyu a jere? Nan amfaninsa yake, in har za ki gyara abin da ya nuna miki. Ki kuma sani zoben yana bin kwanakin al'ada ta ɗumin fata, kuma bayanan suna zuwa rumbun kamfani. Ki duba abin da kika yarda a ajiye.

Ga shawarata a jere. Ki fara zuwa asibiti a auna jininki da hawan jini, ki faɗa wa likita gajiyar nan. Mace mai goyo da ke tashi a gajiye, sau da yawa ƙarancin jini ne, kuma babu zoben da zai gano shi. Ki tambayi maigidanki ko kina minshari ko numfashinki na ɗaukewa cikin barci. Ki yi mako biyu kina ajiye waya a falo da dare. In bayan haka kina son sanin yadda darenki yake tafiya, ki sayi wanda ba a biyan kuɗin wata, bayan kin kwana da na gwaji.

Ki kira ni in sakamakon gwajin jinin ya fito, ki karanto mini. Babanku yana gaishe ku. Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.