JOS: GARIN DA KE AIKA 'YA'YANSA TSERE IKKO

Baƙon da ya kwana Jos cikin watan Janairu, in ya daure ya fito da asuba, zai ga abin da ba safai akan gan shi a sauran garuruwan Arewa ba. Sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya lulluɓe duwatsun Shere, masu kawo kabeji da karas kasuwar Farin Gada duk sun ƙudundune cikin barguna. Amma ga samari da 'yan mata nan da gajerun wanduna suna ta sheƙa gudu a gefen titi, waɗansu sun nufi Bukuru, waɗansu sun bi ta bakin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ba koro su aka yi ba. Shirin tafiya Ikko suke yi.

Tun shekarar 2016 aka soma gudun famfalaƙi na birnin Ikko, watau tseren mil 26 da 'yan kai, kilomita 42 ke nan, galibi cikin watan Fabrairu. A shekarun farko akan tashi daga babban filin wasa na Surulere, a haye doguwar gadar nan ta Third Mainland, a tuƙe a Eko Atlantic, bakin teku. In aka zo lissafin 'yan Nijeriya da suka fara isa kuwa, sunayen Jihar Filato ne ke cika takarda, su Pam, su Gyang.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jos tana bisa tudu, wajen ƙafa 4,000 sama da teku, Pankshin ma ta ɗara haka. Iskar tudu ba ta da kauri, saboda haka jinin wanda ya saba gudu cikinta yakan ƙara ƙarfin ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Da ya gangara Ikko sai numfashi ya zo masa da sauƙi, ko da yake zafi da gumin bakin teku su ma sukan karɓi nasu haraji.

To, ina masoyansu? Kaɗan ne ke iya yin rakiya, gama kuɗin mota da na masauki ba wasa ba ne ga gidan da ke dogara da noman dankali da acca. Saboda haka ran Asabar ɗin tseren, tun da sassafe, akan taru gaban telebijin, in an yi sa'a akwai wuta. Nan fa haƙuri yake. Mai ɗaukar hoto yakan bi ayarin gaba ne, mutanen Kenya da Habasha, waɗanda da yawansu ke horo a wurare irin su Iten, mai tsawo kusan ninki biyu na Jos. Sai uwa ta shafe sa'a biyu ta zuba wa akwati ido, ba ta ga ko ƙeyar ɗanta ba. Duk da haka ba ta fasa addu'a, da kiran sunansa ƙasa-ƙasa, sai ka ce yana jin ta. Ita ce fa ta riƙa tashi cikin duhu wata da watanni tana dafa masa ruwan zafi, ita ce ta ba da kuɗin takalmi. Hankalinta ba ya kwanciya sai waya ta yi ƙara an ce ya kai lafiya, sa'an nan guɗa ta tashi, maƙwabta su shigo barka.

Akwai shekarar da abin ya yi armashi ƙwarai. Ran 8 ga Fabrairu, 2020, David Barmasai na Kenya ne ya lashe tseren, amma ɗan Nijeriya na farko cikin maza shi ne Emmanuel Gyang, ta farko cikin mata kuwa Deborah Pam, matarsa. A ran nan babu wanda ya tsaya bakin hanya ya yi wa ɗan'uwansa kirari, don dukansu biyu suna bisa kwalta guda, kowa na fama da numfashinsa.

Bayan 'yan kwanaki motocin Ikko sukan sauke 'yan gudun a Jos, wani da lambar yabo da kuɗi, mafi yawa da kumburarrun ƙafafu kawai. Kafin mako biyu su cika, an soma ganinsu kuma da asuba a hanyar Bukuru.