Ƙara Wa Kwamfuta Gudu A Zafin Daura

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, girmansa kamar kwalin ashana. Shi ne mai yin dukan lissafi. Masu gyara suna ce da shi furosesa, mu kuwa a aji mukan ce ƙwaƙwalwa. Yana aiki ne bisa bugun wani agogo da ke cikin na'urar. Wanda ya taɓa zuwa gayya zai gane wannan da sauƙi. Makaɗi yana kiɗa, manoma suna sara bisa kiɗan. In ya ƙara sauri su ma sai su ƙara, amma za su nemi ƙarin fura, gumi kuma zai yi yawa. In ya wuce kima, wani zai sare shuka maimakon ciyawa, wani ma ya faɗi.

To, akwai masu sa makaɗin nan na kwamfuta ya yi sauri fiye da yadda kamfani ya tsara. Da Turanci ana ce da wannan aiki obakulokin. Ba sabon abu ba ne. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, mai bugu miliyan 300 a daƙiƙa. Mutane suka gano za ta iya yin miliyan 450 in an canza lamba guda, har ta yi kafaɗa da kafaɗa da masu tsada. Ina so in ba ku labarin gwajin da muka yi a gidanmu, gama na san akwai gidaje da yawa inda samari ke roƙon iyayensu wannan izini.

Kwamfutarmu ta tebur ce, ta hannu. Ƙanen uwargida ne ya harhaɗa ta a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya aiko mana daga Legas. Ita kaɗai muke da ita. A cikinta nake buga tambayoyin jarrabawa, nake kuma ajiye makin 'yan makaranta. Ƙananan yara suna koyon amsa tambayoyi a kanta, tun da yake daga 2015 jarrabawar JAMB duka a kwamfuta ake yinta. Babban ɗana kuwa yana harhaɗa bidiyon biki, da shi yake tara kuɗin makaranta. Aikinsa ne mai nauyi. Bidiyo guda yakan ci awa ɗaya kafin na'ura ta gama sarrafa shi, in kuwa an ɗauke wuta a tsakiya sai a koma farko, ko a ta da janareta. Kowane minti a kan janareta fetur ne.

Shi ya kawo maganar. Ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwar nan tamu Core i5-2500K ce. Harafin K ɗin nan yana nuna kamfani bai kulle ta ba. A intanet mutane suna kai ta 4.5." Na ce masa, "Su waɗannan mutane, a wace ƙasa suke zaune?" Ya yi dariya, amma ni ba wasa nake yi ba.

Bari in bayyana lissafin, gama ba wuya. Agogon tushe yana bugu miliyan 100 a daƙiƙa. Akwai wata lamba da ake ninka shi da ita. A tamu, wadda ta fito a Janairu 2011, lambar 33 ce, wato bugu biliyan 3.3, abin da ake kira gigahaz 3.3. Takan ƙara kaɗan da kanta sa'ad da aiki ya yi nauyi. In ka mai da lambar 42, ka sami gigahaz 4.2. Ɗan aji huɗu zai iya wannan. Wahalar tana wajen wuta da zafi. Yawan gudu yana bukatar ƙarin ƙarfin lantarki, zafi kuwa ba ya tafiya daidai da ƙarin, ninkuwa yake yi. In ka ɗaga ƙarfin daga bolt 1.2 zuwa 1.32, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari ke nan, amma zafi zai ƙaru da kashi 21, tun ba a lissafa na ƙarin gudun ba.

Ga dalilin tambayar da na yi wa yaron. Fanka ba ta yin sanyi, iskar ɗaki kawai take hurawa a kan ƙarfe. Mutumin Jamus ko na Ingila yana zaune a ɗaki mai awon zafi 20 ko 22. Mu a Daura, cikin Afrilu da Mayu, awo yakan wuce 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano da azahar. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, kusan ɗaya ƙwaƙwalwa za ta ƙara. Ashe tun ba mu taɓa kome ba Bature ya riga mu da digiri ashirin. Da hunturu akwai sanyi, amma sai ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kwashe zafi. Don haka lambar da ta zauna lafiya a Turai ba lalle ta zauna a nan ba. Har ma ƙwaƙwalwa biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ba su jure gudu ɗaya, kamar 'yan'uwa ciki ɗaya a gona.

Na yarda, amma da sharaɗi. Muka kwafe makin yara da hotunan iyali a wani faifai dabam, uwargida ta kulle shi a akwatinta. Fankar da ta zo da na'urar ƙarama ce, sai yaron ya sayo babba a Kano da kuɗinsa. Muka hure ƙura, muka goge tsohon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen fanka, wanda ya bushe kamar laka, muka ɗiga sabo misalin ƙwayar wake. Wannan kaɗai ya sauke zafi ƙwarai. A ganina rabin masu kukan kwamfutarsu ta yi nauyi, shara kawai take bukata.

Sa'an nan muka shiga BIOS, wato shafin da ke fitowa in ka danna Delete da zarar ka kunna na'ura. Muka riƙa ƙara lambar biyu biyu. Bayan kowane ƙari sai mu saki wata manhaja, Prime95, ta ba ƙwaƙwalwa aiki mai tsanani, muna duban zafi da wata mai suna HWMonitor. Na ji daɗin Prime95, gama asalinta an rubuta ta ne domin neman manyan lambobin da ba su rabuwa sai da ɗaya da kansu, abin da nake koya wa 'yan aji biyar da tsakuwa. In ƙwaƙwalwa ta yi kuskure ko ɗaya a lissafi, manhajar takan tsaya ta faɗa. Wannan ya fi kome muhimmanci a wurina. Na'urar da ta mutu ka san ta mutu. Wadda ke aiki tana kuskure a ɓoye za ta iya ɓata fayil ɗin makin yaro ba wanda ya sani.

Irin tamu takan rage gudu da kanta in zafi ya kai wajen 98, don kada ta ƙone. Ni na sa iyaka a 80. A 36 da 38 da 40 ba abin da ya faru. A 42 ta yi awa shida ba kuskure. A 44 fuskar na'ura ta koma shuɗiya, ta mutu. Yaron ya dube ni, na dube shi, uwargida ta leƙo daga madafa ba ta ce kome ba. Muka sake kunnawa, ta tashi. Da ta ƙi, da sai mu zare ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allo na ɗan lokaci, kome ya koma yadda kamfani ya sa. Ya so mu ƙara bolt mu sake gwada 44. Na ce a'a. Yawan wuta da zafi suna cin ƙwaƙwalwa a hankali, ba mu kuwa da kuɗin wata.

Me muka samu? Bidiyon awa ɗaya ya koma misalin minti 50. Wajen buga takarda da karatun yara ban ga bambanci ko kaɗan ba. Ga mai sana'a irin ta ɗana minti goma kan kowane aiki riba ce. Ga malami ko mai shago babu.

Iyaye, in yaronku ya zo da wannan roƙo, ku fara duba irin na'urar. Yawancin na ofis da ake kawowa na hannu, irin Dell da HP, a kulle suke. Ta cinya kuwa kada a taɓa, gama ba ta da wurin fitar da zafi. In sabuwa ce mai garanti, kamfani ba ya biyan abin da ya lalace ta wannan hanya, sababbin kuma sun riga sun iya ƙara gudu da kansu har kusan iyakarsu. Ku tuna kuma gudu ba ya mai da tsohuwa yarinya. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, tamu kuwa ba ta cikin waɗanda aka yarda su ɗauki Windows 11.

Gwajinmu cikin Disamba muka yi shi, da sanyi. Da bazara ta shigo, awo ya fara taɓa 80 da rana, sai muka sauke lambar zuwa 38. Yanzu haka muke yi kowace shekara: 42 daga Nuwamba zuwa Fabrairu, 38 sauran watanni, da hurar ƙura ran Asabar ta farkon kowane wata. Yaron ya rubuta wannan a takarda, ya manna a gefen akwatin na'urar saboda ƙannensa.