Tekun da muka rataya a falo

A hutun makarantar da ya wuce, kullum na dawo daga shagon magani a Wuse sai in tarar da yarana uku sun haɗa kai a kan waya guda, ko sannu da zuwa babu mai ce mini. Ni kuwa na san tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Autata shekararta uku, kuma tana ninka hakan.

Wata Asabar sai na ce musu yau teku za mu haɗa. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, iyakar ruwan da suka sani shi ne tafkin Jabi. Na biya kasuwar Wuse na sayo takarda mai launi, zare da almakashi mara tsini. Na dama fulawa a wuta ta zama abin liƙi, don ko yaro ya lasa ba komai. Kwali kuwa, kwalayen maganin da suka ƙare na kwaso daga shago.

Babbar ta zana kifaye da kunkuru, ƙanenta ya dage sai an yi kaguwa. Muna yankewa, muna huda kowane, muna zura zare, muna ɗaurawa a jikin kara. Kusan awa biyu babu wanda ya tuna da waya.

Can sai na ji auta ta ce, "Mama, ga alawa." Ina juyowa na ga jajayen ƙwayoyin ƙarin jini a hannunta. Ashe wani kati ya maƙale a cikin kwali ban duba ba. Gabana ya faɗi. Na karɓe, na ƙirga: katin bai huje ba, ko ɗaya ba ta ɓalla ba. Allah Ya tsare.

Ni da nake yi wa iyaye gargaɗi kullum, ni na kawo haɗarin gida da hannuna. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yana kama da alawa, amma idan ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa yana iya lalata masa hanji da hanta. Wani lokaci yaron yakan yi amai ya lafa kamar ya warke, alhali illar tana tafe. Idan hakan ta faru a gidanku, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A garzaya asibiti nan take tare da kwalin maganin.

Daga ranar na koma amfani da kwalin shayi da na sabulu. Na kuma rataya tekun namu can sama, inda hannun auta ba ya kaiwa, domin dogon zare yana iya naɗe wuyan yaro. Kada a rataya irinsa dab da gadon jariri.

Har yanzu kifayen suna nan a falo, suna lilo idan fanka ta juya. Jiya ma ɗan nawa ya ce, "Mama, saura kwale-kwale." Na ce masa Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu.