Ɗakuna Shida na Batir

Daga Boɗinga zuwa Shagari, kusan duk inda ka hangi farantin sola bisa rufi, akwai lungun da batura ke mutuwa a hankali ba wanda ya lura. Tun da na kammala digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na dawo daga bautar ƙasa, duba su ne sana'ar da ke ciyar da ni.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi, kowanne da bolt 2, kuma ba sa tsufa tare. Idan ana jan wuta kullum dare, rana kuma ba ta cika shi, sai wani farin gishiri ya daskare a jikin dalmar ciki, asid mai kauri ya kwanta ƙasa, ɗaki guda ya raunana ya ja sauran biyar. Maganinsa cajin daidaitawa: a cika batir tukuna, sannan a ɗaga cajin zuwa wajen bolt 15.5 na 'yan sa'o'i, har ruwan ya riƙa ɓulɓulowa ya gauraye. Dole a buɗe taga, domin iskar da ke fita tana kama wuta. Rufaffen batir na jel kuwa, wannan caji ajalinsa ne.

Sai kuma zafinmu. Batir ya fi son digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, kuma duk ƙarin digiri 10 kan cinye kusan rabin kwanansa. Ruwan ciki ya ƙafe, mai shi ya ɗebo na rijiya ya zuba.

"Ɗana, ai ruwa ruwa ne," in ji wani dattijo mai shagon cajin waya a Shagari, wanda bashi ya ci ya sayi batura huɗu.

Na ce, "Baba, na rijiya da gishirinsa yake tafe. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa."

Biyu daga cikin huɗun sun farfaɗo. Sauran biyun 'yan gwangwan suka saye, kuma tafiyarsu ce ta fi tsaya mini a rai. Galibi fasa su ake yi, a tsiyaye asid a ƙasa, a narka dalmar kusa da gidaje. Mu maƙwabtan Zamfara ne, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Shi ya sa nake kwana biyu a kan batir guda kafin in yarda ya mutu.