Ranar da Faifai Ya Mutu

Mu malaman adabi mun saba da zancen mutuwa a waƙa, amma ba mu saba jin sa a bakin injiniya ba. Babbar na'urar da ke riƙe da kundayen ɗalibanmu da muryoyin makaɗan da muka naɗo tana da faifan ajiya huɗu, an haɗa su bisa tsarin RAID 5, wanda masana a Jami'ar Kalifoniya suka bayyana a 1988. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in ɗaya ya mutu, sauran na riƙe da lissafin da za a maido da kayansa.

Da namu ya mutu, aka zare shi na'urar tana aiki, aka zura sabo. Ashe hatsarin yana gaba. Kafin ukun su cika sabon, sai an karance kowane lungu nasu, alhali tsarar mamacin ne, rana ɗaya aka sayo su. Da na biyu ya faɗi a wannan tsakani, da an rasa komai. Allah ya kiyaye.

Don haka muke roƙon hukuma: a kwafi wannan taska, a ajiye a wani gini daban. Da yawa cikin makaɗan nan sun riga mu gidan gaskiya, ba za su sake rera mana ba.